Saɓanin DeMar DeRozan da Masai Ujiri

Saɓanin DeMar DeRozan da Masai Ujiri taƙaddama ce da ta taso a watan Yulin shekarar 2018 tsakanin ɗan wasan ƙwallon kwando DeMar DeRozan da shugaban ƙungiyar Toronto Raptors ta ƙasar Kanada a wancan lokaci, Masai Ujiri, ɗan Najeriya da ya taso a Zariya. Ujiri ya miƙa DeRozan ga ƙungiyar San Antonio Spurs ya karɓo Kawhi Leonard, alhali DeRozan ya ce kwanaki kaɗan kafin nan an tabbatar masa babu inda za a kai shi. Bayan wata 11 Raptors ta ci kofin gasar NBA karo na farko a tarihinta. Tun daga nan ake kawo wannan lamari a matsayin misali duk lokacin da aka yi gardama kan abin da ɗan wasa ke bin ƙungiyarsa bayan albashi. Maganar ta sake tasowa a watan Yunin 2025, lokacin da ƙungiyar besbol ta Boston Red Sox ta rabu da Rafael Devers, sannan masu Raptors suka sallami Ujiri shi kansa.

Mutanen biyu

An haifi Masai Ujiri a garin Bournemouth na Ingila a ranar 7 ga watan Yulin 1970. Mahaifinsa ɗan Najeriya ne, mahaifiyarsa 'yar Kenya, kuma yana ƙaramin yaro iyalin suka koma Zariya. Kamar yawancin yaran garin, da ƙwallon ƙafa ya fara. Sai da ya kai wajen shekara 13 ya koma ƙwallon kwando. Yana cikin matasan da suka bi ta hannun Oliver B. Johnson, Ba'amurken kocin da ya daɗe yana horar da 'yan wasa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Ya yi karatu a Amurka, ya buga wasa na wasu shekaru a Turai ba tare da ya yi wani suna ba, sannan a 2002 ya fara aikin nemo wa ƙungiyar Orlando Magic 'yan wasa masu hazaƙa, ba albashi. A 2003 ya kafa shirin Giants of Africa, mai shirya wa matasan Afirka sansanin horo. A 2010 ya zama babban manajan Denver Nuggets, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon jami'in gudanarwa na NBA, kuma a watan Mayun shekarar ya karɓi ragamar Raptors.

Tun kafin ya zo Toronto an san shi da rashin tsoron rabuwa da manyan 'yan wasa. Shi ya miƙa Carmelo Anthony ga New York Knicks a watan Fabrairun 2011, kuma a shekararsa ta farko a Toronto ya rabu da Andrea Bargnani da Rudy Gay.

DeMar DeRozan kuwa ɗan garin Compton ne a jihar Kalifoniya. Raptors ta ɗauke shi a matsayi na tara a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2009, ya yi kaka tara a ƙungiyar, aka zaɓe shi cikin taurarin gasar sau huɗu, ya kuma zama wanda ya fi kowa ci wa ƙungiyar maki a tarihinta. Sai dai ba alƙaluma ne kawai suka sa magoya baya ke ƙaunarsa ba. Tun da aka kafa Raptors a 1995 take fama da matsala guda: taurarinta ba sa zama. Tracy McGrady ya tafi a 2000, Vince Carter ya nemi a sake shi aka sake shi a 2004, Chris Bosh ya koma Miami a 2010. Yawancin 'yan wasan Amurka ba sa son sanyin Kanada da harajinta. A 2016, da kwantiragin DeRozan ya ƙare, ana ta raɗe-raɗin zai koma gida Los Angeles, amma bai zauna da wata ƙungiya ba ko ɗaya. Ya sa hannu kan sabon kwantiragin shekara biyar na dala miliyan 139, ya ce shi ne Toronto. Wannan furuci ne ya sa abin da ya faru bayan shekara biyu ya yi wa mutane zafi.

Yadda musayar 'yan wasa take a Amurka

Mai kallon ƙwallon ƙafa a gidajen kallo na Samaru ko Sabon Gari zai iya mamakin yadda za a ɗauki ɗan wasa a kai shi wani gari ba da yardarsa ba. A ƙwallon ƙafa, ko da ƙungiyoyi biyu sun daidaita kan kuɗi, dole ɗan wasan ya amince ya sa hannu kan sabon kwantiragi, in ya ƙi cinikin ya rushe. A NBA da gasar besbol ta MLB abin ba haka yake ba. Kwantiragin ne ake miƙawa, ɗan wasa kuma ya bi shi, da albashinsa da sauran shekarunsa kamar yadda suke. Ba kasafai ake biyan kuɗin saye ba. Ɗan wasa ake bayarwa a karɓi ɗan wasa, ko a haɗa da haƙƙin zaɓen sabon ɗan wasa a wata shekara mai zuwa. Shi ya sa kalmar “sayarwa” da ake yawan fassara lamarin da ita ba ta faye dacewa ba. “Musaya” ta fi kusa, ko da yake ita ma tana ɓoye cewa mutumin da aka musanya ba a tambaye shi ba.

Akwai wata ƙa'ida da ta sa DeRozan ne ya dace da wannan ciniki. Ƙungiyar da ta wuce iyakar albashin da gasar ta ƙayyade ba za ta karɓi albashin da ya fi wanda ta fitar da nisa ba. Wanda ke son tauraro mai tsada dole ya fitar da mai tsada. DeRozan yana karɓar kusan dala miliyan 28 a shekara, wato kwantiragin da ya zama shaidar amanarsa shi ne kuma ya mayar da shi abin musaya.

Dokar NBA ta yarda ɗan wasa ya sa sharaɗin hana musaya a kwantiraginsa, amma sai wanda ya yi shekara takwas a gasar, huɗu daga ciki a ƙungiyar da zai sa wa hannu. A 2016 shekarar DeRozan bakwai. Shekara guda ce ta raba shi da damar neman wannan kariya.

Abin da ya faru a 2018

A kakar 2017 zuwa 2018 Raptors ta ci wasa 59, mafi yawa a tarihinta, ta zo ta ɗaya a shiyyar Gabas. Amma a zagaye na biyu na wasannin fitar da gwani, Cleveland Cavaliers ta LeBron James ta doke ta sau huɗu a jere. Karo na uku ke nan a jere da Cleveland ta fitar da ita, kuma biyu daga ciki ko wasa ɗaya ba ta ci ba. DeRozan bai taɓuka abin kirki ba a ƙarshen zagayen: a wasa na uku koci ya zaunar da shi a benci a kashin ƙarshe, a na huɗu alƙalin wasa ya kore shi. A ranar 11 ga watan Mayu Ujiri ya sallami koci Dwane Casey, wanda daga baya aka ba shi kyautar gwarzon kocin wannan kakar, ya ɗaga mataimakinsa Nick Nurse.

A can San Antonio kuma, Kawhi Leonard na cikin nasa rikicin da shugabannin Spurs kan yadda aka kula da raunin da ya ji a cinya. Wasa tara kacal ya buga a duk kakar, ya nemi a sake shi, kuma rahotanni sun ce Los Angeles yake so. Saura shekara guda ya samu damar tafiya inda ya ga dama. A farkon watan Yuli LeBron James ya koma Los Angeles Lakers, hanya ta buɗe a shiyyar Gabas.

A cikin wannan yanayi ne Ujiri da DeRozan suka gana a Las Vegas lokacin gasar bazara ta matasan 'yan wasa. Abin da aka faɗa a wannan zama shi ne tushen saɓanin. Bayan 'yan kwanaki Ujiri ya tafi Kenya, inda ya halarci buɗe cibiyar matasa ta Sauti Kuu a ƙauyen Kogelo tare da tsohon shugaban Amurka Barack Obama. Daga Kenya ya buga wa DeRozan waya ya shaida masa. Ujiri ya ce ya daɗe yana kai da komo a otal kafin ya iya kiran. DeRozan ya ce bayan wayar ya zauna cikin motarsa a gaban wani gidan cin abinci wajen awa biyu. A ranar 18 ga watan Yuli aka sanar da musayar: DeRozan da Jakob Poeltl da haƙƙin zaɓe guda na 2019 zuwa San Antonio, Leonard da Danny Green zuwa Toronto.

Martani

Tun kafin sanarwar DeRozan ya rubuta a Instagram cewa ana faɗa maka abu ɗaya a yi wani, kuma babu amana a wannan sana'a. A ranar 20 ga watan Yuli Ujiri ya kira taron manema labarai a Toronto, ya nemi afuwar DeRozan kan abin da ya kira giɓi a wajen fahimtar juna. Ya ce mai yiwuwa kuskurensa shi ne da ya yi masa magana kan abin da ake sa ran zai yi wa ƙungiyar nan gaba. Ya kuma ce an ba wannan rukunin 'yan wasa dama sau da yawa, sakamakon bai sauya ba.

DeRozan bai karɓi wannan bayani ba. A hirarsa da tashar ESPN bayan 'yan kwanaki ya ce ya yi tambaya kai tsaye, ba sau ɗaya ba, ko akwai wani abu da ake shiryawa a kansa, aka ce masa babu. Ya ce bai ƙi a musanya shi ba, don ya san sana'ar. Abin da ya nema shi ne a faɗa masa gaskiya ya shirya kansa da iyalinsa. Babban amininsa a ƙungiyar, Kyle Lowry, ya yi watanni ba ya shiri da Ujiri, kuma a watan Disamba ya bayyana cewa tsakaninsu aiki ne kawai: shi ɗan wasa, wancan shugaba. Sai a watan Fabrairun 2019 suka zauna suka fahimci juna.

Abin lura a nan shi ne yadda kowanne ya zaɓi kalmominsa. Ujiri bai ce ya yi alkawari ya karya ba, bai kuma ce DeRozan ƙarya yake yi ba. Ya ɗora laifin a kan fahimta, wato wani abu da ya faɗo tsakanin mai magana da mai sauraro, wanda ba na kowa ba ne. Masu nazarin harshe sun daɗe da bambanta abin da mutum ya furta da abin da ya bari a fahimta. Shugaban da ya zauna da ɗan wasa yana tsara masa kaka mai zuwa bai rantse cewa zai bar shi ba, amma ya san sarai abin da za a ɗauka daga maganarsa. Ko a ɗauki bayanin Ujiri kaɗai, ba tare da na DeRozan ba, an bar mutum da fahimtar da aka san tana iya zama ba daidai ba.

Hujjar kowane ɓangare

Masu kare Ujiri suna cewa babu shugaban da zai iya bayyana cinikin da bai kammalu ba. Da ya ce wa DeRozan ana tattaunawa a kansa, labarin zai fita, Spurs za ta ƙara farashi ko ta janye, in kuma cinikin ya rushe an bar ƙungiya da tauraron da ya san an so rabuwa da shi. Suna ƙarawa da cewa amanar da ke wuyan shugaba ta ƙungiya ce da magoya bayanta, kuma 'yan wasa ma suna tafiya idan ta yi musu: Leonard ɗin da aka kawo ai guje wa tasa ƙungiyar ya yi.

Wannan hujja tana da ƙarfi kan musayar ita kanta, amma ba ta amsa ƙorafin DeRozan ba, domin shi ba musayar ya yi ƙorafi a kai ba. Tsakanin tona asirin ciniki da cewa babu komai akwai amsa ta uku, wadda shugabanni da yawa ke bayarwa: ba zan iya yi wa kowa alkawari ba. Amsa ce mara daɗi, amma ba ta barin mutum cikin duhu. Akwai kuma rashin daidaito da ba a cika faɗa ba. Ƙungiyoyi su ne ke tallata soyayyar ɗan wasa ga gari, su buga ta a riguna da allunan talla, su sayar da tikiti da ita. Ranar da ta zo musu da tsada sai su tuna cewa harkar kasuwanci ce.

Abin da ya biyo baya

Ta fuskar wasa kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Raptors ta ci wasa 58, ta ƙara da Marc Gasol a watan Fabrairu, ta fitar da Philadelphia a wasa na bakwai da ƙwallon da Leonard ya jefa a daƙiƙar ƙarshe, ta doke Milwaukee, sannan a ranar 13 ga watan Yunin 2019 ta doke Golden State Warriors ta ɗauki kofin. Gaskiya ne raunin Kevin Durant da Klay Thompson ya raunana Golden State, amma kofi kofi ne. Leonard ya zama gwarzon wasannin ƙarshe, kuma a watan Yuli ya tafi Los Angeles Clippers. Kaka ɗaya ya yi a Toronto.

Nasarar ta rufe bakin masu suka, sai dai ta kuma gauraya tambayoyi biyu da ya kamata a raba: ko musayar ta yi amfani, da ko an yi wa DeRozan adalci wajen aiwatar da ita. Da ƙwallon Leonard a wasan Philadelphia ta faɗo waje, hukuncin jama'a kan tambaya ta farko zai iya sauyawa, ta biyun kuwa tana nan yadda take. DeRozan ya taya tsofaffin abokansa murna, ya kuma ce shi ne ragon da aka yanka don a kai ga nasarar. Ujiri ya bayyana bayan cin kofin cewa lokacin da Raptors ta je wasa San Antonio, DeRozan ya shigo ɗakin sauya kaya ya rungume shi ya tambayi lafiyar iyalinsa.

DeRozan ya yi kaka uku a Spurs, ya koma Chicago Bulls a 2021, sannan Sacramento Kings a 2024. A watan Afrilun 2023 Bulls ɗinsa ce ta je Toronto ta fitar da Raptors a wasan neman gurbi, da ci 109 da 105.

Makamancinsa a wasan besbol

A besbol aka fara wannan gardama. A watan Oktoban 1969 ƙungiyar St. Louis Cardinals ta miƙa Curt Flood ga Philadelphia Phillies bayan ya yi mata kaka 12. Flood ya ƙi zuwa, ya rubuta wa shugaban gasar Bowie Kuhn cewa shi ba kadara ba ne da za a saya a sayar, ya kai ƙara. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kansa a 1972, alƙalai biyar da uku, kuma shari'ar ta ci sauran wasansa. Amma daga baya 'yan wasan besbol sun samu ƙa'idar cewa wanda ya yi shekara goma a gasar, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya, ba a musanya shi sai da yardarsa, kuma a 1975 wani hukuncin sulhu ya buɗe musu hanyar zaɓar ƙungiya idan kwantiragi ya ƙare.

Rikicin Rafael Devers ya nuna cewa ƙa'idar ba ta kashe matsalar ba. Devers, ɗan Jamhuriyar Dominika, a lokacin yana da kwantiragin shekara goma na dala miliyan 313.5 da Boston Red Sox, ƙungiyar John Henry, wanda kamfaninsa ne ke da Liverpool. A watan Fabrairun 2025 ƙungiyar ta ɗauko Alex Bregman ta ba shi gurbin Devers a tushe na uku, aka mayar da Devers mai bugu kawai, ba ya tsaron fili. Da mai tsaron tushe na farko ya ji rauni a watan Mayu, aka nemi Devers ya koma can. Ya ƙi, ya soki jami'in gudanarwa Craig Breslow a bainar jama'a, yana cewa an riga an ce masa ya ajiye safar kama ƙwallo. Henry ya tashi takanas zuwa Kansas City don ganawa da shi, amma a ranar 15 ga watan Yuni aka miƙa shi ga San Francisco Giants, inda daga baya ya buga tushe na farkon da ya ƙi bugawa a Boston. Shi ma, kamar DeRozan, ƙorafinsa kan maganar da aka sauya ne, ba kan kuɗi ba.

Idan aka kwatanta da Najeriya

A gasar Firimiyar Najeriya saɓanin ya fi sauka ƙasa. Yawancin ƙungiyoyi, irin su Kano Pillars da Katsina United da Wikki Tourists, mallakar gwamnatocin jihohi ne, kuma ƙorafin da aka fi ji daga 'yan wasa shi ne na albashi da alawus da kuɗin sa hannu da ba a biya ba. DeRozan da Devers an ɓata musu rai, amma ko sisi ba a rage musu ba, domin ƙungiyoyin 'yan wasa na Amurka sun daɗe da ƙwato kwantiragi mai tabbas. Dokar FIFA ta 2018 ta ba ɗan ƙwallon da aka riƙe wa albashin wata biyu damar soke kwantiragi bayan ya ba da wa'adin kwana 15 a rubuce, sai dai kotun FIFA tana sauraron rikicin da ya haɗa ƙasashe biyu ne. Ɗan Najeriya da ke bin ƙungiyar Najeriya bashi a cikin gida zai nemi haƙƙinsa. A watan Yulin 2025 gwamnatin Kano ta naɗa Ahmed Musa babban manajan Kano Pillars alhali yana cikin 'yan wasanta, wato mutum ɗaya a ɓangarori biyu na teburin da Ujiri da DeRozan suka zauna.

Sallamar Ujiri

Bayan cin kofin ƙungiyar ta riƙa raguwa. Lowry ya tafi Miami a 2021, aka sallami Nurse a 2023, Ujiri ya miƙa OG Anunoby ga New York a watan Disamban shekarar, ya miƙa Pascal Siakam, ɗan Kamaru, ga Indiana a watan Janairun 2024. Raptors ta ci wasa 25 a kakar 2023 zuwa 2024, ta ci 30 a wadda ta biyo. A lokacin ne kuma kamfanin Rogers, mai ƙungiyar besbol ta Toronto Blue Jays, ya ƙulla cinikin sayen kason kamfanin Bell a MLSE, kamfanin da ke da Raptors.

A ranar 27 ga watan Yunin 2025 shugaban MLSE Keith Pelley ya sanar da rabuwa da Ujiri bayan shekara 12, saura shekara guda a kwantiraginsa. Babban manaja Bobby Webster ya ci gaba da aiki. Sanarwar ta zo kwana ɗaya bayan kammala zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar, wanda aka bar Ujiri ya jagoranta, inda Raptors ta ɗauki Collin Murray-Boyles a matsayi na tara.